Tseren Babur Na Motokuros: Darasi Kafin Ƙarfin Hali

Motokuros wani irin tseren babura ne da ake yi a keɓaɓɓen fili, a kan turɓaya ko yashi ko taɓo. Akan tsara hanyar ta yi zagaye, a sa mata kwana iri-iri masu tsanani, da hawa da gangara, da tuddan ƙasa waɗanda aka tara da gangan domin babur ya tashi sama idan ya taka su. A manyan gasanni mahaya har arba'in ke jeruwa a bayan shinge guda na ƙarfe, da ya faɗi sai su zabura gaba ɗaya, kowa na neman ya riga shiga kwanar farko, sa'an nan su yi ta zagayawa har minti 30 da ƙarin zagaye biyu. Duk wanda ya taɓa kallon wannan wasa a talabijin ko a wayar hannu, abin da kan fara zo masa a rai shi ne, lalle waɗannan mutane ba su san tsoro ba. Daga nan sai ya ɗauka rashin tsoron ne ya kai su inda suke, kuma duk saurayin da ya samu babur da fili da taurin zuciya zai iya kamo su. Wannan zato kuskure ne, kuskure kuma mai tsada, domin a asibiti ake biyan kuɗinsa. Gwanintar motokuros aba ce da ake koyarwa daki-daki kamar lissafi. Kamata ya yi darasi ya zo da farko, atisaye ya biyo baya, ƙarfin hali kuwa ya jira har a kira shi.

Tarihin wasan kansa ya isa shaida. A Ingila aka fara shi, inda aka yi tseren farko irin wannan a Camberley cikin 1924. Daga can ya ƙetara zuwa sauran ƙasashen Turai, aka fara gasar ƙasa da ƙasa cikin 1947, aka kuma kafa gasar duniya cikin 1957. Ƙasar da ta daɗe tana fice a cikinsa ita ce Beljiyam, 'yar ƙaramar ƙasa wadda jama'arta ba su kai yawan na Jihar Kano ba. Joël Robert ya ci kambin duniya sau 6, Roger De Coster sau 5, Harry Everts sau 4, ɗansa Stefan Everts kuwa sau 10. Da wuya mai hankali ya ce mutanen Beljiyam sun fi sauran jama'ar duniya ƙarfin zuciya. Abin da suke da shi shi ne filayen yashi masu wuyar sha'ani irin na garin Lommel, da ƙungiyoyin tsere a ƙananan garuruwa, da manya waɗanda suka san aikin suna nuna wa na baya.

Labarin Amurka ya fi wannan fitowa fili. Cikin 1966 aka gayyaci Torsten Hallman, mutumin Suwidin, zakaran duniya, ya je ya yi tsere da 'yan Amurka, ya kuwa yi ta wuce su kamar suna tsaye. Shekara 15 bayan haka, wato cikin 1981, sai ga Amurka ta ci gasar ƙasa da ƙasa, ta kuma riƙe ta shekara 13 a jere, har 1993. Jinin Amurkawa bai sake ba a tsakanin nan. Zama suka yi suka lura da yadda mutanen Turai ke sarrafa babur, aka kuma buɗe makarantun koyar da tseren, irin ta Gary Bailey, wanda har ake yi wa laƙabi da Farfesa. Wanda ya jagoranci ƙungiyar da ta ci nasarar 1981 kuwa, De Coster ɗin nan ne na Beljiyam.

To, me zai hana mutum ya koya wa kansa, kamar yadda yara da yawa ke koyon keke ba tare da malami ba? Abin da ke hanawa shi ne, jikin ɗan Adam yana da hanyoyinsa na kare kai idan ya ji haɗari, waɗanda yake bi tun kafin tunani ya iso, kuma a kan babur a cikin ƙasa mai santsi galibin waɗannan hanyoyi su ne ke jawo faɗuwar da ake gudu.

Misali mafi kusa shi ne yashi, wanda ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa hawa babur a hanyar ƙauye da rani, ko ya ratsa busasshen rafi. Da tayar gaba ta fara rawa, sai hannu ya saki totur da kansa, mutum ya duƙa gaba ya ƙanƙame kan babur. Sakin totur kuwa rage gudu ne, rage gudu kuma yana tura nauyin babur da na mahayi zuwa tayar gaba, sai ta ƙara nutsewa, ta riƙa huɗa kamar garma, ƙarshenta ta karkace ta kayar. Abin da malami zai ce shi ne, a ja jiki baya, a riƙe totur daidai wa daida ba tare da saki ba, a sassauta hannu, a bar kan babur ya ɗan yi rawarsa. Mutum na iya faɗuwa sau ɗari a yashi bai gano wannan da kansa ba, domin kowace faɗuwa ƙara masa tsoro take yi, tsoron kuma shi ne ke sa shi sakin totur da wuri. Malami kuwa da magana biyu zai faɗa masa.

Haka abin yake game da ido. Sabon shiga yakan kafa idonsa a kan ƙasar da ke gaban tayarsa, ko a kan dutsen da yake tsoron taka wa. Ɗan lissafi kaɗan zai nuna rashin amfanin haka. Babur mai gudun kilomita 54 a awa yana cin mita 15 a kowace daƙiƙa. Tsakanin ido ya ga abu da hannu ya motsa akwai kamar kashi ɗaya bisa huɗu na daƙiƙa, ko da mutum lafiyayye ne mai shiri. A ɗan wannan lokaci babur ya riga ya ci kusan mita 4. Ashe ke nan duk abin da ke kusa da taya ya riga ya wuce a yi masa dabara. Bugu da ƙari, kai yana bin ido, kafaɗu suna bin kai, babur kuma yana bin kafaɗu, saboda haka wanda ya zura wa dutse ido, dutsen zai je ya samu. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi ya riƙa duban mafitar kwana tun yana shigarta.

Sai kuma batun tsayuwa. Babur ɗin motokuros babba, mai inji sisi 450, nauyinsa ya ɗan haura kilo 100, shokazobarsa kuma tana iya lotsawa kamar santimita 30. Duk da haka ba ta isa ta shanye dukan da hanyar ke yi ba, sai an haɗa da gwiwoyi da ƙugun mahayi. Wannan ne dalilin da ya sa gwanaye ke yin yawancin tseren a tsaye a kan matakan ƙafa, sun ɗan ranƙwafa, gwiwar hannu a ɗage, sun matse babur da ƙafafu. Stefan Everts ya yi suna wajen wannan, har a cikin kwanar da wasu ke zama shi yakan wuce a tsaye, kuma cikin 2006, shekararsa ta ƙarshe, ya ci 14 daga cikin manyan tsere 15 na gasar duniya. Wanda bai iya matse babur da ƙafa ba dole ya riƙe kansa da hannu, a nan kuwa wata matsala ke jiransa. Tsokar damtsen hannu, tsakanin wuyan hannu da gwiwa, tana cikin wani tantani mai tauri wanda ba ya buɗawa sosai. Idan aka daɗe ana damƙa da ƙarfi sai tsokar ta kumbura da jini, wuri ya ƙure, hannu ya sandare, har yatsu su kasa jan birki ko kuloci. Akwai 'yan tseren da sai da likita ya tsaga musu wannan tantani. Amma ga mai koyo, maganin farko shi ne a gyara masa tsayuwa da numfashi, domin da yawa sukan riƙe numfashi ba su sani ba.

Birki ma yana da nasa hukunci. Mutane da dama na tsoron birkin gaba, alhali shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayar da babur, saboda nauyi gaba yake komawa idan ana rage gudu. Abin da ya kamata a sani shi ne, riƙon da taya ke yi wa ƙasa yana da iyaka, kamar kuɗin cefane ne. Abin da aka kashe a birki ba za a same shi a juyawa ba. Wanda ya damƙi birki da ƙarfi alhali ya riga ya kwantar da babur a kwana, ya nemi abin da taya ba ta da shi, sai ta zame. Saboda haka akan ƙare yawancin birki tun babur na miƙe, a riƙa sakinsa sannu a hankali gwargwadon yadda ake kwantawa. A kuma tuna cewa idan gudu ya ninka biyu, nisan da ake bukata kafin a tsaya ninkawa huɗu yake yi.

Tsalle shi ne abin da ya fi jan hankalin 'yan kallo, shi ne kuma inda rashin malami ya fi muni. Ɗaliban babbar sakandare da suka yi darasin Fiziks a kan tafiyar abin da aka jefa sama za su iya bin lissafin da kansu, malamai ma za su same shi misali mai daɗin bayarwa a aji. A ɗauka babur ya bar bakin tudu da gudun kilomita 54 a awa, tudun kuma ya ɗaga da digiri 30. Idan aka ajiye batun iska a gefe, aka kuma ce zai sauka a wuri mai tsayi ɗaya da inda ya tashi, zai yi daƙiƙa ɗaya da rabi a sama, ya kai tsayin kusan mita 3, ya sauka a nisan kamar mita 20. Yanzu a rage gudun zuwa kilomita 50, sai nisan ya koma mita 17. A ƙara shi zuwa 58, sai ya kusa kai mita 23. Wato bambancin kilomita 4 kacal, wanda mai tafiya a kwalta ba zai ma ji shi ba, ya isa ya sa mutum ya daki ƙirjin tudun sauka, ko ya tsallake gangarar gaba ɗaya ya dira a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Babur ɗin motokuros kuwa ba shi da agogon nuna gudu. Da kunne da jiki ake auna shi, ta ƙarar inji da giyar da ake ciki. Irin wannan awo ba ya samuwa da zuciya, sai an fara daga ƙaramin tudu mai shimfiɗaɗɗen kai, wanda ko an gaza ba a faɗa rami ba, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, in ji masu iya magana, a yi dubu ba a fita ba.

A sama ma akwai abin yi, kuma ba wanda zai iya cinkarsa da ka. Idan kan babur ya sunkuya, murɗa totur na sa tayar baya ta ƙara juyawa, jikin babur kuma ya juya ta ɗaya ɓangaren, kai ya ɗago. Idan kan ya ɗaga fiye da kima, sai a ja kuloci a taɓa birkin baya, tayar ta tsaya, kai ya sauko. Ka'ida ce ta Fiziks, cewa jimillar juyin abin da ke sama ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, sai dai wani sashe ya ba wani. Abin dariya kuma, tsallen da ya fi burge 'yan kallo ba shi ne ya fi sauri ba. Taya ba ta tura babur sai tana ƙasa. James Stewart na Amurka ya yi suna tun wajen 2003 da wata dabara ta kwantar da babur a bakin tudu domin kada ya yi sama sosai, ya riga kowa dawowa ƙasa.

Duk waɗannan ana iya karanta su a takarda cikin rabin awa. Sanya su a jiki shi ne aikin. Cikin 1967 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Paul Fitts da Michael Posner, suka bayyana cewa koyon aikin hannu yana bin matakai uku. Da farko mutum yana tunanin kowane motsi, yana yi yana kuskure. Daga nan motsin ya fara haɗuwa. A ƙarshe ya zama jiki, ana yi ba tare da tunani ba. Matsalar ita ce, ƙwaƙwalwa ba ta tantance daidai da kuskure wajen ajiya, abin da aka fi maimaitawa shi take riƙewa. Saurayin da ya shekara biyu yana shiga kwana da gwiwar hannu a ƙasa da ido a kan taya, ya ƙware ƙwarai, amma a kan kuskure, kuma raba shi da wannan ya fi koya wa sabon shiga wuya. Mahayi kuma ba ya ganin kansa. Yakan rantse ya ja jiki baya, alhali a tsakiya yake. Babban aikin malami shi ne ya zama idon da ke waje. A yau wayar hannu na taimakawa, tunda ana iya ɗaukar hoton bidiyo a duba a hankali, amma sai da wanda ya san abin da ake dubawa.

Atisayen kansa iri biyu ne. Akwai na zagaya fili daga safe har yamma tare da abokai, wanda yake da daɗi, amma ribarsa kaɗan ce. Akwai kuma wanda Anders Ericsson da abokan aikinsa suka bayyana cikin 1993, bayan binciken da suka yi a kan ɗaliban gogen Turawa a birnin Balin. Shi wannan, akan zaɓi abu guda da mutum bai iya ba, a maimaita shi da cikakken hankali, a sami mai gyara nan take. A motokuros wannan na nufin a kafa alama biyu a fili a yi ta kewaya su kamar ana rubuta lamba 8, ko a ɗauki kwana guda a shige ta sau hamsin ana auna lokaci, ko a yi zagaye duka a tsaye, ko a hana amfani da birkin baya domin a saba da na gaba. Abu ne mai gundura, shi ya sa masu yinsa ba su da yawa. Ricky Carmichael, wanda ya cinye dukkan tsere 24 na gasar Amurka cikin 2002, ya kuma maimaita haka cikin 2004, a irin wannan horo ya tashi, mahaifiyarsa na tsaye a bakin kwana da agogo a hannu.

Yawan awoyi a rana ɗaya ma ba shi ne ba. Cikin 1978 Alan Baddeley da wani abokin aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi da ma'aikatan gidan waya a Ingila, waɗanda ake koya wa buga haruffa a na'ura. Waɗanda ke yin awa ɗaya a rana sun iya cikin jimillar awoyin da ba su kai na masu yin awa huɗu a rana ba, ko da yake su ne suka fi nuna rashin gamsuwa da tsarin. A motokuros akwai ƙarin dalili. Zuciyar ɗan tsere tana bugawa kusa da iyakar ƙarfinta kusan duk tsawon tseren, kuma da gajiya ta shigo sai tsayuwa ta lalace, ido ya sauko. Wanda ya ci gaba a wannan hali kuskure yake maimaitawa, haɗari kuma yana ƙaruwa.

Akwai masu cewa duk wannan magana ce kawai, gwani haihuwarsa ake yi. Suna da ɗan abin kafa hujja. Cikin 2014 Brooke Macnamara da abokan aikinta suka tattara bincike masu yawa, suka ga cewa tsararren atisaye ya bayyana kashi 18 cikin ɗari ne kawai na bambancin da ke tsakanin 'yan wasanni. Saura yana wajen wasu abubuwa, kamar ƙirar jiki da shekarun da aka fara. Gaskiya ne darasi ba zai mai da kowa Everts ba. Sai dai wannan hujja ta shafi tambayar wane ne zai zama zakaran duniya, wadda ba ta dami mafi yawan masu hawa ba. Tambayar da ta dame su ita ce, wannan yaro da baiwar da yake da ita, zai fi kyau da malami ko ba malami? Wasu kuma sukan kawo kukan tsada. Wasan da ma mai tsada ne, kuma wanda ya iya sayen babur da tayoyi da mai, ya ce kuɗin darasi ne suka fi ƙarfinsa, bai yi lissafin kuɗin ɗorin karaya ba.

Kada kuma a ɗauka darasi na kawar da haɗari. David Bailey, wanda Farfesa Gary Bailey ya riƙa ya kuma horar, yana cikin mahayan da aka fi yabo da tsabtar aiki a zamaninsa, ya ci kambuna da dama a Amurka. Cikin 1987 ya faɗi a wurin atisaye a Kalifoniya, ya ji rauni a laka, ƙafafunsa suka shanye. Idan hakan ta sami irinsa, babu wanda zai ce ya wuce nan. Saboda haka makarantar kirki ba ta barin kowa ya hau sai da hular kwano mai rufe haɓa, da tabarau, da dogayen takalma masu tauri, da kariyar ƙirji da gwiwa. Wata babbar bita ta Cochrane da aka buga cikin 2008, a kan masu babur da suka yi haɗari, ta nuna hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kamar kashi 42 cikin ɗari, na raunin kai kuma da kamar kashi 69.

Wani amfanin malami da ba a cika ambata ba shi ne ikon cewa tukuna. A Amurka da Turai yara kan fara hawa 'yan ƙananan babura masu sisi 50 tun suna shekara huɗu ko biyar, kuma sau da yawa iyaye ne ke gaggawar a mai da yaro kan babur mafi girma, ko a sa shi tsallen da ɗan maƙwabci ya yi. Uba yana kallon kofi, aboki yana zuga, yaron kuma yana jin kunyar a ce ya ji tsoro. Malamin da ya san aikinsa shi ne kaɗai a filin wanda ba abin da zai rage masa idan ya ce ba yau ba. Haka kuma idan yaro ya bugu a kai, ya tashi yana jiri ko ya manta yadda aka yi ya faɗi, likitocin wasanni sun yi ittifaƙi cewa ba zai koma hawa a wannan rana ba, sai likita ya duba shi ya sallame shi. Hular da ta sha irin wannan duka ita ma ta gama aiki, domin soson da ke cikinta sau ɗaya yake lotsewa ya shanye bugu, ko da bayanta bai nuna tsagewa ba.